Ƙafar Baba a Kan Totur

Shekarar da motoci masu fito suka shigo hanyar Aflao ita ce shekarar da na rasa zama. Matata ta ce ko tuwo nake ci ƙafata ɗaya tana waje, kuma ba ta yi mini ƙarya ba. A lokacin ina tuƙa tsohuwar motar Baba, doguwa ƙirar Faransa mai shan dizal, kujera layi uku, daga tashar Tudu zuwa bakin iyakar Lome. Fasinjojina yawanci mata ne 'yan kasuwa masu zuwa sarin atamfa da takalma, kuma ban taɓa ganin mai gaggawa irin macen da aka gaya wa sabon kaya ya sauka ba.

Kana cikin tafiyarka, ka wuce Tema, hanya ta miƙe, sai ka ji wani siririn fito a bayanka. Kafin ka kai ido madubi an wuce ka. Motocin Turai ne na hannu da aka fara saukewa a tashar jirgin ruwa, masu injin turbo tun daga kamfani. Matan nan kuwa ba sa raga mini. Wata daga kujerar baya za ta ɗaga murya ta ce, "Direba, Lome muna zuwa ko gawa muna rakiya?" Sai motar ta kaure da dariya. In taka totur har ƙasa, abin da zan samu kawai baƙin hayaƙi da ƙara. Masu fito suna yin sawu biyu a rana, ni ina fama da ɗaya, in dawo wuyana ya sage don haushi.

Shi turbo ɗin ba wani babban abu ba ne in ka gan shi a hannu. Ƙarfe ne mai siffar katantanwa, da fanka a ciki. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya fankar, ita kuma ta cusa wa injin iska fiye da yadda zai iya shaƙa da kansa, sai ƙarfi ya ƙaru. Wannan ɗan abin ne ya hana ni barci.

Amma motar ba tawa ba ce ni kaɗai, ko da yake ni nake fita da ita. Baba ya yi rayuwarsa a bayan sitiyari, tun zamanin manyan motocin goro. Da yanar ido ta rage masa gani ya daina shiga titi, sai ya miƙa mini makulli. Abu ɗaya ya riƙe wa kansa, shi ne ajiye motar da yamma. Gidanmu a Nima yana cikin lungu, kuma wurin kwanan motar wani ɗan tsukin fili ne tsakanin bangon masallacin unguwa da rumfar mai koko, sai an bi ta kan katakai biyu da aka ɗora a kan gota. Kullum kafin magariba zan tsaya a bakin lungu in fito, in bar ƙofa a buɗe. Baba zai taso daga bencin da dattawa ke zama, ya tattare rigarsa, ya shiga. Bai ganin fuskar mutum daga nesa, amma ribas ɗin nan yana yin sa a tashi ɗaya, tayoyi daidai kan katako, ba ya gogar bango ba ya taɓa rumfa. In ta zauna daram, sai ya taka totur da ƙarfi, injin ya yi ruri har kwanon masallaci ya amsa, a cikin rurin ya murza makulli. Haka direbobin zamaninsu duka suke kashe mota. Suna cewa ana yi ne don batir ya kwana da ƙarfi, Baba kuwa sallama yake kiran abin.

Unguwar duka ta san wannan sallamar. In Mma, mahaifiyarmu, ta ji ta, sai ta fara kwashe tuwo. Ladan yana miƙewa ya nufi lasifika. Baba zai fito yana kaɗa makulli a yatsa, ya koma benci kamar wanda ya dawo daga Kumasi, dattawa su ce masa sannu da aiki. Shi ke nan abin da ya rage masa na sana'arsa, kuma ni na san haka sarai.

Ɗan baffana da ya dawo daga Jamus, irin waɗanda ake ce wa boga, shi ya fara hura mini kunne. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da zobensa, ya ce, "Ƙane, sayar da wannan tsohuwa ka huta. Akwai mai turbo na kamfani a Tema, na gan shi da idona. Bature in zai sa turbo, tun daga fistin yana canjawa, har wurin sanyaya mai. An haife shi da shi ne. Kar ka bari wani ya liƙa maka abu." Na bi shi Tema na ga motar. Wallahi ta yi kyau, har na zauna a ciki na riƙe sitiyari. Sai na fito na auna faɗinta da hannuwana, na ga ba za ta shiga tsakanin bangon masallaci da rumfar koko ba. Giyarta ma mai canja kanta ce, ba kuloci. Na tuno Baba yana laluben feda na uku da ƙafar hagu a gaban dattawa, sai na ji sha'awar ta sace.

Washegari ina Abossey Okai wajen makanikinmu, wani Batone mutumin Kumasi da kowa ke ce wa Masta. Ya tashi cikin 'yan zango, yana jin Hausa irin tasa, kuma Kramo yake kirana, yadda suke kiran kowane Musulmi. Ya jawo wani turbo daga ƙarƙashin teburi, an cire shi daga motar da ta yi haɗari, ya hura fankar da baki ta juya. Ya ce, "Kramo, injin babanka tsoho ne amma ƙashinsa yana da kyau paa, sosai. Zan sa maka, in rage masa ƙarfi kaɗan don kar ya fasa kai. Ba zai kai na kamfani ba, amma mata ba za su zage ka kuma ba."

Na yi makonni ina kai-kawo tsakanin mutanen nan biyu. In na kwana da shawarar boga, in tashi da ta Masta. Ranar da ba ni da lodi sai in hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, in tafi Tema in sake kallon motar, in dawo in zarce Abossey Okai in sake ɗaga katantanwar ƙarfen nan in ajiye. Har yaran shagon suka daina gaishe ni. Na tambayi direbobin tasha, kowa da nasa: wannan ya ce ya san wanda injinsa ya narke a gadar Sogakope saboda liƙe, wancan ya ce na kamfanin ma in ya lalace sai ka sayar da gida. Ɗan baffana ya ce ina son ɗora wa tsoho buhun masara ne in ce ya yi gudu. Na ji zafin maganar don akwai gaskiya a ciki. Amma ni lissafina ɗaya ne. In na liƙa, motar tana nan, wurin kwananta yana nan, Baba yana nan da aikinsa na yamma. Na ɗauka na samo dabarar da ba wanda zai rasa komai.

Da na gaya wa Baba za a ƙara wa injin wani abu, cewa kawai ya yi, "Kai kake hanya." Na kai ta, ta yi kwanaki a shagon Masta, ni kuma na yi kwanakin a tsaye a kansa.

Ranar da zan karɓa, Masta ya goge hannunsa ya riƙe makullin bai ba ni ba. Ya ce, "Doka ɗaya ne, ka ji da kyau. Wannan fanka yana gudu a kan baƙin mai, kuma inji ne yana tura masa man. In ka dawo daga hanya, ka bar shi a silo, a kunne ba totur, ya huce tukuna. Kuma kar ka taka totur ka kashe, koraa, ko sau ɗaya. In ka yi haka, inji ya mutu, mai ya tsaya, fanka yana ta gudu a bushe. Kana yanka shi ne kaɗan-kaɗan." Na ce to, to, na ji, hankalina yana kan titi. Sai da na kai kwanar Nima, na hango hular Baba a kan benci, sannan maganar ta sauka a cikina.

Ya shiga kamar kullum. Ya yi ribas, ya karkata kai yana sauraron sabon sautin, har na ga ya ɗan yi murmushi. Sannan ya taka. Rurin ya fi na da, ga fito a samansa, dattawa suka ce kai, kai! Ya murza makulli. Injin ya yi shiru, amma ni da nake tsaye kusa da bonet na ji fankar tana ci gaba da juyawa ita kaɗai, wani ɗan siririn kuka da ya daɗe kafin ya ƙare.

To, ta yaya ɗa zai gaya wa ubansa bai iya kashe mota ba? Mutumin da ya ɗora hannuna a kan giya tun ƙafata ba ta kai feda ba? A gidanmu ko sunan abin da uba ya yi kuskure a kai ba a kamawa a gabansa. Na je wa Mma da maganar a madafa. Ta ajiye muciya ta dube ni ta ce, "Ni in gaya wa babanka yadda ana kashe mota? Kai da ka sayo fitinarka, je ka gaya masa." Na fito ina ƙunƙuni.

Sai na koma dabaru. Na riƙa tsayawa a Maamobi in bar injin ya huce kafin in ƙaraso, amma hucewa ba ta hana ɓarnar takun ƙarshe. Na gwada makara da gangan don in tarar sun shiga salla in ajiye da kaina. Na tarar da Baba a bakin lungu shi kaɗai, ya bar jam'i ya wuce shi yana jirana, na ji kunya kamar in nutse. Na taɓa rage igiyar totur da filaya kafin in iso. Ya taka ya ji ba ta amsa, ya ce, "Igiya ta saki," ya sa aka buɗe bonet ya gyara ta da lalube. A hanya kuwa motar ta zama wata aba dabam. Na fara wuce waɗanda suke wuce ni, matan suka koma yi mini kirari, na fara samun sawu na biyu. Amma tun daga Sogakope nake fara tunanin yamma.

Ba a daɗe ba salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi da safe. Masta ya cire bututu, ya sa yatsa ya girgiza fankar, ya ji tana wasa. Ya ce, "Wa yana kashe wannan mota?" Na ce ni. Ya ce ƙarya nake, shi zai zo ya gani da idonsa. Na ɗauka wasa yake.

Ranar Lahadi da yamma sai ga shi a bakin lungunmu, ya taso daga coci da zanensa a kafaɗa. Ya gaida dattawa da ladabi, aka matsa masa a benci. Ina ta yi masa alama da ido, bai ko kalle ni ba. Baba ya shiga, ya ajiye, ya yi sallamarsa. Kafin kukan fankar ya ƙare Masta ya miƙe, ya tari Baba yana fitowa, ya ce da murya a sake, don shi a wurinsa gyara ne kawai: "Papa, ashe kai ne! Wannan abu da kana yi na zamanin da ne. Kai kana kashe masa inji. Yanzu ba a yin haka."

Baba ya tsaya, makulli a yatsarsa, ya juyo da fuska wajen da yake zaton nake. Ya ce, "Haka ne?" Na ce, "Haka ne, Baba." Ya miƙo mini makullin, ya ce wa Masta an gode, ya shige masallaci tun ba a kira salla ba. Na raka Masta bakin titi ina jin kamar in shaƙe shi, shi kuwa yana ta mamakin me ya yi.

Daga ranar Baba bai sake tasowa ba. Yana zama a bencin, amma in na iso sai ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ni nake ajiyewa, kuma ban iya ba. Sai na yi gaba na yi baya, mai koko tana ihu kar in rushe mata rumfa, na goge fenti a bangon masallaci har ya bar zane. Mma ta daina sanin lokacin kwashe tuwo. Baba ya rage ci, ya rage magana, in na gaishe shi ya amsa a taƙaice. Na koma wajen Masta, wanda ya riga ya gyara fankar, na ce ya cire abinsa gaba ɗaya. Ya ce zai cire, amma in tuna da matan Tudu. Na fasa. Na koma Tema, an sayar da waccan motar. Ɗan baffana ya ce ai ya gaya mini, na ce masa na kamfanin ma doka ɗaya ce, ya je ya tambaya. Muka yi kwanaki ba ma magana.

Kuma sai ga shi dokar ta fi ƙarfina ni ma. A ce mutum irina ya zauna a mota tana silo, ba ya tafiya ba ya fita! Ina isowa gab da magariba, mutane suna alwala a bakin gota, sahu yana fitowa har waje, ni ina zaune hayaƙin dizal yana bin bango yana shiga masallaci. Ana tari, ana harara ta. In kalli agogo, in buga sitiyari da yatsu, in ji ladan yana gyara murya. Rabin lokaci ba na kai yadda Masta ya ce, sai in kashe in ruga.

Wata yamma na iso a makare daga sawu na biyu, injin ya ɗau zafi sosai, na tsaya a bakin lungu don wata mai tallan lemu ta tare katakan. Aka fara kiran salla. Na ce a raina yau kam a nan za ta tsaya, in an idar na shigar da ita. Na kai hannu ga makulli. Daga benci, ba tare da ya ɗago kai ba, Baba ya ce, "Bai huce ba."

Hannuna ya tsaya. Ashe duk kwanakin nan yana saurare. Na san in na yi magana zan ɓata. Sai na ja birkin hannu, na fito, na bar ƙofa a buɗe da injin a kunne, na ɗauki buta na tsuguna a bakin gota na ba motar baya. Na wanke hannu, na kurkure baki, ina yi a hankali yadda ban taɓa yi ba, kunnena duka yana baya. Na daɗe ban ji komai ba. Sannan na ji benci ya yi ƙara, na ji takun takalminsa, na ji an rufe ƙofa, na ji mai lemu tana janye farantinta. Giya ta shiga ribas ba gurnani, katakai suka amsa, ta zauna a wurinta a tashi ɗaya.

Na jira rurin, har na runtse ido. Bai zo ba. Injin yana ta silo, dattawa sun miƙe sun shiga sahu, an tayar da iƙama, Baba bai fito ba. Na matsa kusa da taga don in ce masa ya je, ni zan tsaya. Yana zaune a miƙe, carbi a hannun dama, kansa a karkace yana sauraron fankar tana sauka. Sai na ga takalminsa na dama a ƙasa kusa da totur, babu ƙafa a ciki. Ya naɗe ƙafar ya ɗora ta a kan kujera, ya danne ta da cinyarsa ta hagu, kuma ya riƙe idon sawun da hannu, don kar ta je inda ta saba zuwa.

Muka tsaya haka, shi a ciki ni a waje, liman yana karatu. Da carbin ya zagayo, ya saki ƙafar, ya murza makulli. Motar ta mutu shiru, ba wanda ya ji a unguwar sai ni da shi. Ya laluba takalminsa ya sa, ya fito, ya jefa makullin a aljihunsa.

Ya ce, "Gobe ka zo da wuri. Ba zan riƙa rasa raka'a saboda ƙarfe ba." Muka shiga sahun ƙarshe tare, kuma a ranar sai da na leƙa madafa na gaya wa Mma mun dawo.